Rumfar da Yaya Ya Yi wa Ruwa

Yayana ya rufe ruwa da kwanon rufi, zannuwa suka koma jajaye, aka kori Gwaggo.

Gidan wanki ne da mu a bakin tafki, mu ke wanke zannuwan gadon wani otal. Yaya ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ni nake tuƙa mota, Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ita ke kan fararen kaya tun ban fara gemu ba.

Ruwan tafkin kamar shayi yake. Baba ya bar mana wani ramin siminti, faffaɗa marar zurfi, muna ce masa faranti. Nan ake zuba ruwan ya sha rana kwana da kwanaki, sannan a ɗiba. Bai taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba wanda ya tambaya.

Yaya ya ce rana na shanye rabin ruwan, tsuntsaye na kashi a sauran. Ya sa aka yi wa farantin rumfar kwano, har da fenti. Gwaggo ta ce ita dai ba ta so, haka ta tarar, haka za a bari. Ya tambaye ta dalili, ba ta da shi. Ya yi dariya ya ce tsufa ne.

Kafin wata ya zagayo, mai kula da kayan otal ta ɗaga zane a gabana da yatsa biyu, ta tambaya ko da shi muke tace shayi. Na kawo maganar gida. Yaya ya ƙara sabulu da bilic, zannuwa ba su yi fari ba. Sai ya kama zargin ba a zubawa ne, ana fita da su ta ƙofar baya. Ɗakin Gwaggo ne a ƙofar baya.

A gaban ma'aikata ya sa aka buɗe akwatinta. Ba a sami ko ɓallin sabulu ba. Ya ce ai an riga an sayar.

"Ni na goye ka, ɗan nan," ta ce. "Bayan nan da kake kallo."

"Goyo daban, aiki daban, Gwaggo."

Ni na kai ta gidan 'yarta a motar kai wanki.

Zannuwa suka ci gaba da ja. Otal ya turo wani mai gwajin ruwa, ya ɗiba a kwalba ya ɗaga sama. Ya ce wannan ba laka ba ce da za ta kwanta, ganye ne da saiwa da suka ruɓe suka narke a ciki, ƙyalle ba ya tace su. Hasken rana ne ke farfasa su a hankali har launin ya dusashe, shi ya sa ake so ruwan ya baje ba zurfi. Ya kalli rumfar, ya tambayi wa ya ba da wannan shawara. Yaya ya ce kafinta ne.

Aka cire kwano. Yaya ya gaya wa ma'aikata wai tsatsa ya yi. Ruwa ya washe, otal bai bar mu ba, Yaya ma ya ƙara ƙiba.

Na ce ya je ya ɗauko Gwaggo. Ya ce in ta dawo yaran za su raina shi. Na je ni kaɗai. Na tarar da ita tana wanke kayan jikoki a roba. Na ba ta labarin hasken rana da ruɓaɓɓen ganyen, duka. Ta matse riga ta shanya, ta tambaye ni ko Yaya ya faɗi haka a gaban waɗanda suka ga an buɗe akwatinta. Na ce a'a.

A gidan 'yarta ta rasu. Har yau in sabulu ya ɓace a wurin aiki, sai ka ji wani ya ce Gwaggo ta leƙo.