Farar Giyar Baba Dalyop

"Ka sayo?" in ji Baba Dalyop, tun kafin Zulkifilu ya rufe ƙofa.

Ya sayo, amma fa bayan ya gama jan ƙafa. Tun da asibiti suka sallamo tsohon ya dawo ɗakinsa a Takoma Park, suka ce ciwon daji ya cinye hanjinsa, abu ɗaya yake roƙon maƙwabcin nasa: farar giyar Faransa, mai arahar nan, wadda shi da marigayiya matarsa Constance suke sha duk Lahadi bayan coci. Zulkifilu kuwa, mutumin da ko ƙofar shagon giya ba ya kallo, kullum sai ya ce, "Gobe, Baba." Ɗaukarta ma haramun ne, balle wani ɗan masallacinsu ya gan shi! Sai da ya ga ƙashin wuyan tsohon ya fito, sannan ya tuƙa har Germantown, can nesa inda ba a san shi ba, ya sayo.

Gobe-goben nan ta cuce su. Baba ya daina iya haɗiya. Nas ta ce ko ruwa kada a ba shi, sai dai a jiƙa masa leɓe da ɗan soso mai tsinke.

Zulkifilu bai san yadda ake buɗe kwalbar ba, ya danna toshiyar ciki da sukundireba. Giya ta fantsalo masa a riga. Ya yi istigfari, ya tsiyaya a kofin shayi.

Tsohon ya taɓa kofin. "Kai, yaron nan! Da ɗuminta? Ai sanyi ake sa ta."

"Bari in sa a firji, Baba."

"Bari. Ba ni da lokacin firji."

Zulkifilu ya tsoma soson, ya kai masa baki. Baba ya tsotsa, ya lumshe ido.

"Ita ce. Tsami-tsami, kamar ɗanyar tuffa. Constance takan ce ƙamshin ciyawa take yi bayan ruwa. Ƙara."

Zulkifilu ya ƙara masa.

"Ka yafe mini, Baba. Da na kawo tun kana iya kurɓa."

"Ƙara dai."

Da la'asar Baba ya cika, 'yarsa Selina tana hanya daga filin jirgi. Da ta iso ta gaji da kuka, ta buɗe firji neman ruwa, ta tarar Zulkifilu ya sa kwalbar a ciki, kusan a cike. Giyar ta yi sanyi ƙarara, toshiyar na yawo a ciki.