Gurbin da ke Tsakanin Nomau da Surukinsa

Ku zauna ku ji abin da aka yi a filin bayan layinmu a unguwar Nuzla, nan Jidda, don wanda bai gani ba sai ya ce ƙari ake yi. Mu matan gidan muna saman bene ranar, kowa da goyonta, a idonmu aka yi komai.

Wasan dai ragbi ake ce masa. Mahamadou ne ya kawo shi unguwar. Shi direban wani Bature ne, shekara shida yana kai shi filin wasa yana jira a bakin waya, har ya haddace abin, ya dawo ya ce shi koci ne. Ƙwallon kamar gwanda take. Mutum goma sha uku kowane ɓangare. Ka rungume ta ka ruga, waɗancan su kayar da kai, in an kayar da ku sau shida ƙwallo ta koma hannunsu. Masu tarewa kuma sai su jeru layi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, kada su bar ƙofa. Shi ke nan fa. Magidanta da iyalansu, wasu har da furfura, duk Juma'a bayan la'asar suna birgima cikin ƙasa.

To a cikinsu akwai Malam Gwadabe tela, mai shago a Ammariyya. Ɗan tsurut ne, ko kan keken ɗinki sai ya sa matashi biyu. Amma in ƙwallo ta shiga hannunsa sai ka rantse da zare yake jan mutane. Ya dubi dama ya jefa hagu, ya yi kamar zai buga ya sulale ta ƙarƙashin hammatar mutum. Ranar da bai zo ba, sauran sai dai su yi ta karo da juna kamar raguna a mota. Matsalar tana wurin tarewa. In ƙato ya nufo shi, bi ta kansa kawai yake yi ya wuce.

Mahamadou ya ce wannan mafi mushkila, wato da Larabci ba matsala, ko a ƙasar Turawa akwai maganinsa: a sa wanda ya fi kowa ƙarfi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ƙaramin, duk wanda ya taho shi zai tare. Wanda ya fi kowa ƙarfi kuwa Nomau ne, mai sauke buhunan siminti, wuyansa ya kai cinyar wani.

Abin da ƙasar Turawa ba ta sani ba shi ne, Nomau mijin Lubabatu ne, Lubabatu kuma Malam Gwadabe ne ƙanin babanta, shi ya riƙe ta, shi ya ba da aurenta. Suruki ne sosai. Nomau ko a titi ya hango shi sai ya rage tsawo. Yaya za a yi ya je ya goga kafaɗa da shi cikin gajeren wando?

Da aka jera su, Nomau ya tsaya. Sai ƙafarsa ta ja taku ɗaya da kanta. Sai ta ƙara. Kafin a busa usur akwai filin da motar ruwa za ta wuce tsakaninsa da surukinsa. 'Yan tashar jirgin ruwa da suke karawa da su ba su ɗauki minti goma ba suka gano wurin. Suna da wani Abdulghaffar, mutum kamar firji mai ƙofa biyu. Ya bi ta gurbin nan sau biyar, sau uku yana tafiya da Malam Gwadabe a ƙirjinsa kamar ya ɗauko wanki.

Ranar a kafaɗar mutum biyu aka kai Malam gida. Matarsa Gwaggo A'i ta gasa masa haƙarƙari da ruwan zafi, ta ce a gaban kowa, “Halas, magana ta ƙare. Saura sau ɗaya. In aka sake kawo min shi a ɗauke, takalman wasan nan a shara za su kwana, ni da kaina zan kai su.” Malam bai yi musu ba. Ya ce shi ma ya gaji da kallon sama. Wata karawar kuma da 'yan tashar saura mako biyu.

Nomau ya kasa cin abinci. In Malam ya bar wasa ƙungiya ta mutu, kuma duk Nuzla za ta ce surukinsa aka tattake yana tsaye yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ranar Talata Mahamadou ya tsuguna a tsakiyar fili da murafan kwalba goma sha uku, ya ce za a sake tsari. Ya ɗauki ƙaramin murfi ya kai can ƙarshen layi.

“Bon, to. Malam, nan za ka koma. Ƙattai ba sa zuwa gefe.”

Malam Gwadabe ya leƙa murfin. “Ni ne wancan?”

“Kai ne.”

“Mahamadou, ranar da ka sauka Jidda wa ya ba ka tabarma? Yau ni za ka ajiye a gefe kamar takalmi a ƙofar masallaci, yaran da na yi wa rigar suna suna tsakiya?”

Mahamadou ya dawo da murfin da sauri. Ya ce tayyib, shi ke nan, a mayar da Malam bayan layi, shi kaɗai, kamar mai gadi. Aka gwada. To yanzu Nomau yana gaba, surukinsa yana bayansa, ya ba shi ƙeya ke nan. Sai ya karkace ya tsaya a kaikaice, ido ɗaya a kan masu tahowa, ido ɗaya a ƙasa. Wanda ya zo da ƙwallo ya wuce ta bayansa har yana yi masa sannu.

Aka ce to a sa wani a tsakaninsu. Aka sa Oumarou mai shayi, siriri kamar tsinken tsire. Aka turo ƙato ɗaya don gwaji. Maimakon mutum ɗaya a ƙasa sai aka samu biyu.

“Ya shekh, ka matsa kusa da shi kawai,” in ji Mahamadou, ya ja Nomau gefe. “Minti tamanin ne. Ba cewa aka yi ka ci tuwo kwano ɗaya da shi ba.”

“Ina matsawa,” in ji Nomau. “Wallahi ina matsawa. Sai in duba in ga na yi nisa.”

Da ya koma gida Lubabatu tana yi wa jaririyarta wanka a roba. Ya zauna bakin ƙofa ya zayyana mata komai, har da murafan kwalba. Ta yi dariya har sabulu ya kuɓuce mata.

“Kai da ka ce ba ka iya tsayawa kusa da Baffa, ranar da kuka je Balad sayen yadi wa na gani manne da shi tun daga bakin kasuwa har mota?”

“Ai wannan kaya na ɗaukar masa.”

“To?”

“Mai ɗauke da kayan babba ai ba ya nisa da shi. In ya waiwaya yana son abinsa fa?”

Lubabatu ta naɗe yarinyar a tawul. Washegari ta goya ta ta tafi gidan Gwaggo A'i, suka shige ɗaki suka turo ƙofa. Mu dai dariya kawai muka riƙa jiyowa ta taga.

Ranar Juma'ar karawar fili ya cika, har 'yan unguwar Madain Fahd sun zo kallo, don labari ya bazu cewa yau ne wasan Malam na ƙarshe. Gwaggo A'i ta hau bene tare da mu, ta kawo kujerarta, ta kawo baƙar leda ta ajiye a cinya. Ba wanda ya tambaye ta ta mece ce.

Ana shirin farawa sai Malam Gwadabe ya taka har gaban Nomau. Nomau ya durƙusa. Malam ya ciro makullin shagonsa, ya kalli wani wuri can sama da kan Nomau, ya ce, “A riƙe min wannan. Wandon nan ba aljihu. Kuma ina iya nemansa kowane lokaci.”

Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya cusa cikin safa.

Da aka jeru, sai ga Nomau a jikin surukinsa, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Malam ya matsa dama, ya matsa. Malam ya tsaya gyara igiyar takalmi, ya tsaya a kansa. Mahamadou yana bakin fili ya riƙe baki.

Abdulghaffar bai lura ba. Ya karɓi ƙwallo, ya sunkuyar da kai, ya nufi wurin da ya saba wucewa kamar mai komawa gidansu. Ƙarar da muka ji har saman bene, sai da jaririyar Lubabatu ta farka. Ƙura ta lafa, sai ga Abdulghaffar a ƙasa yana kallon sama, Nomau a kansa, Malam Gwadabe kuma ƙafarsa ɗaya ta maƙale a ƙarƙashinsu duka.

Gwaggo A'i ta buɗe bakin leda.

Nomau da ya ga a kan ƙafar wa yake kwance, ya yi tsalle ya koma gefe ya durƙusa, kai a ƙasa. “Baba, a gafarce ni. Baba, ban gani ba. Baba, a yi haƙuri.” Yana cikin ba da haƙuri 'yan tashar suka ci gaba da wasa, suka zagaya ta ɗaya gefen suka ci.

Malam ya miƙe, ya taka ƙafar sau biyu, ya karkaɗe wando. Ya ce, “A tashi. A bar haƙurin sai an tashi wasa, a haɗa a bayar gaba ɗaya.”

Gwaggo A'i ta mayar da bakin leda ta ƙulle.

Daga nan Abdulghaffar ya sake gwadawa sau biyu, sau biyu ana kwantar da shi. Da ya ƙara tahowa ya hango su manne, sai ya yi kwana ya tafi neman Oumarou.

Abin da ko Mahamadou bai shirya ba, ba wanda ya gaya wa Nomau cewa in ƙwallo ta dawo hannunsu ya koma wurinsa. Makulli yana safarsa, don haka duk inda Malam ya sulale yana biye. Malam ya tsallake mutum biyu, na uku ya rufo shi, ya waiwaya, ba kowa sai mijin Luba. Ya miƙa masa. Nomau ya karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, ya tsaya yana jiran a gaya masa inda za a kai.

“A wuce da ita,” in ji Malam.

Ya wuce da ita. Mutum uku suka rataye a jikinsa, ya kai su har bayan layi ya ajiye ƙwallon a hankali kamar ƙwai. Mu a sama muka yi ta guɗa, har wata Balarabiya ta leƙo tana tambaya ko haihuwa aka yi.

An dai cinye su, ashirin da biyu da goma. Amma 'yan Nuzla suka fita daga filin suna tafawa kamar sun ɗauko kofi, Mahamadou yana gaya wa 'yan Madain Fahd cewa wannan tsarin ya daɗe yana nazarinsa.

Malam Gwadabe ya tako da ƙafarsa har ƙofar gida, Nomau a bayansa. Gwaggo A'i ta sauko ta tare shi a zaure. Ta ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Ta ce ya yi tari, ya yi. Ta danna haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir, bai ko motsa fuska ba.

“To,” ta ce. “Cire takalman a waje, kada ka shigo min da ƙasa. Gobe a wanke su.”

Malam ya zauna a dakali yana kwance igiya. Nomau yana tsaye taku uku daga wurin, Lubabatu a tsakaninsu da goyo.

“Luba,” in ji Malam, “gaya wa mijinki Talata ƙarfe biyar akwai atisaye. Kada a makara.”

Lubabatu ta juya ta kalli mijinta. “Baffa ya ce Talata ƙarfe biyar.”

Nomau ya ce, “Ki ce masa an ji.”