Tayin da Ban Yi wa Pan Ludwik Ba

Wani busasshen ganye ya maƙale a wuyan rigar sanyin Pan Ludwik tun muna tashar jirgin ƙasa a Łódź. Na gan shi, na bi shi da ido har muka zauna, hannuna ya ƙi tashi. Ƙanwata Bronka ce ta sa yatsu biyu ta cire, ta ce ashe har guzuri ya riƙo mana. Ya yi dariya har da dafe tabarau. Ban taɓa jin ya yi irinta ba.

Ni na shirya tafiyar. Tun da na gama jami'a muke aiki tare a ɗakin karatu, teburinsa na kallon nawa, amma har ranar ni Pani Jagoda ce a bakinsa, shi kuma Pan Ludwik a nawa, wato Malama da Malam, kamar baƙi. Da ya ce bai taɓa zuwa Toruń ba, na daɗe ina tauna maganar kafin na ce mu je ranar Asabar, tun sanyi bai kankama ba. Daga baya tsoro ya kama ni, na jawo Bronka don kada shiru ya yi mana yawa. Burina ɗaya ne: kafin mu dawo ya ce mu ajiye Pan da Pani, mu koma kiran juna da suna. Shi ne babba a wurin aiki, shi nake jira ya yi tayin.

Shiru kam bai samu wurin zama ba. Da muka isa Toruń, a bakin kogi Bronka ce a tsakiya, tana shuri da tarin ganye. Ta sa shi ya gutsiri biskit ɗin citta daga hannunta, ta raɗa masa suna Shehin Ƙura, wai ƙurar littattafai ce ta raine shi. Labarin tsohuwar ganuwar garin da na kwana ina karantawa saboda shi, ita ta ba shi, a karkace, ya kuma saurara. Ni ina baya da laima.

Da la'asar ruwa ya sauko, muka fake a wani ɗan shago, aka kawo mana ruwan inabi mai zafi. Bronka ta ɗaga kofinta.

"Ni fa wannan Pan, Pan ɗin ya ishe ni, kamar ina gaban likitan haƙori. Kawo hannunka."

Suka saƙala hannu, suka kurɓa, ta sumbace shi a kumatu, yadda al'adarmu take idan za a ajiye Pan da Pani. Ta ce Bronka, ya ce Ludwik. Abin da na shekara ina jira, ta ɗauke shi kafin kofi ya huce.

Sai ta juyo ta tambaye ni wai mu me muke jira, ko sai mun yi ritaya. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce shi dai mahaifiyarsa ta koya masa mace ce ke yin tayin, namiji ba ya shige gaba, ko da shi ne shugaba. Ya ce ya daɗe yana sauraro. Ya turo kofinsa tsakiyar tebur a hankali, ya ɗan ɗaga gwiwar hannu, idonsa a kaina.

Jan bakin Bronka na nan a kumatunsa, daidai inda zan sa nawa bakin.

"Yaya, daure mana," in ji ta. "Na ɗanɗana miki, ba ya cizo."

Na dubi shatin jan bakin. Na ji muryata ta fito a daidaice, irin wadda nake amsa waya da ita a wurin aiki.

"Pan Ludwik, ya kamata a duba lokacin jirgi."

Bronka ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Shi kuwa ya sauke hannunsa, ya goge tabarau da gefen riga, ya mayar. Ya ɗauki rigar sanyinsa daga bayan kujera, ya gyara kujerar ta koma mazauninta, ya fita cikin ruwan.