Lallen Inna Larai

Mu 'yan ƙungiyar jami'an hulɗa da jama'a na Isa da Sabon Birni ba mu cika mota ɗaya ba. Mutane na yi mana dariya, wai taronmu shan shayi ne kawai. Ni ne shugaba, don na fi kowa furfura. Doka ɗaya muke nanatawa har ta ishi kowa: ka gyara wa maigidanka magana yadda za ta yi daɗin ji, amma kada ka shirya wa jama'a ƙarya.

Sadiƙa ce autarmu. Tana aiki da wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse, aikinta na farko bayan makaranta. Wata safiya ta same ni a kasuwar Sabon Birni, idonta ya yi ja.

"Baba Faruk, rijiyar da munka haƙa Kamarawa ba ta kawo ruwa ba, ga bikin buɗewa jibi. Manaja ya ce a cika tanki da ruwan mota, in ɗauki hoto, in kai labari rediyo. In ban yi ba, in aje aiki."

"To ke mi kic ce?"

"Ban ce komi ba. Ka san tsohuwar da ta hi kowa shekaru aka ba kofin farko. Kakata ce, Inna Larai. Har ta ƙunsa lalle don hoton."

Ta ba ni tausayi ƙwarai. Na ce, "Ɗiyata, ba ni yi miki alkawalin aikinki na tsira. Amma ki ce mishi a'a, ki bar muna sauran."

Ta ce a'a, manajan kuwa ya sallame ta. Sai ya shiga neman wanda zai maye gurbinta. Ya kira Zaidu, ɗan ƙungiyarmu a Isa, Zaidu ya ce a neme shi ranar da ruwa ya zo. Ya kira Ubaidullahi, ya sha amsa iri ɗaya. Daga ƙarshe bawan Allah ya kira ni, bai san duk tafiyarmu ɗaya ba.

Na ce masa, "Alhaji, za ni ba ka shawara. Maido yarinyar ta hwaɗa ma mutane gaskiya, kai kuma ka ƙara haƙa. Jinkiri suna yahe maka. Tanki in ya ƙahe bayan biki, jikokinsu ma sai sun ji sunanka."

Ya yi ƙunƙuninsa ya gaji, ya maido ta. Sadiƙa ta tsaya a ƙofar maigari, ta yi bayani. Babu wanda ya ɗaga mata murya sai Inna Larai.

"Ja'ira, kin sa na yi asarar lallena!"

Sai bayan girbin gero ruwa ya zo, na gaske, mai sanyi. Inna Larai ta fito da sabon ƙunshi jawur, ta karɓi kofi, ta yi bismilla. Sadiƙa ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Tsohuwa ta sha rabi, ta miƙa mata sauran.

"Aje wayar nan ki sha. An hwaɗa mani abin da kika ƙi yi da huskata."

Ni na karɓi wayar na ɗauki hoton. Ya fito a karkace, don ƙwalla ta cika mini ido, amma shi muka rataya a ɗakin taronmu.