Ɗakin da Aka Daina Turare

Kafin Turai ta iso da tasar, aman ya riga ta. Ta durƙusa ta tallafe goshin Ya Kaltume, ɗaya hannun yana shafa mata baya, har kunun da aka sha fama aka lallaɓa ta ta sha da safe ya dawo tas. Ga ƙwayar maganin ciwon nan a ciki, ko gama narkewa ba ta yi ba.

"Sannu, Babarbariya. Kin gama?"

"Saura hanjin," in ji Ya Kaltume, muryarta a dashe. "Riƙe tasar da kyau, baiwata, kada ki ɓata mini shimfiɗa."

"Ji mini mata. Kina kwance ma ba ki daina ƙaryar sarauta ba."

Haka suke tun suna amare. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a wani lungu na Mandawari, ita Turai Bafulatana, Ya Kaltume kuwa iyayenta daga Barno suka zo, don haka kowacce ta ce ɗayar baiwarta ce. Yanzu mazan duka sun rasu, 'ya'ya sun watse gidajensu, wasan ne kawai ya rage bai tsufa ba.

'Yan dubiya ba su daɗe da fita ba. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi, kasko biyu suna ci, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a gindin gado. Duk unguwar babu wadda ba ta san turaren Ya Kaltume ba. Da wuya a kai amarya ɗakinta babu kwalbar humrarta a cikin lefe, har daga Gwale da Dala ake aiko yara sayen turaren wutarta. To tun da ciwon dajin da ya kama ta a mama ya fashe, asibitin Zariya suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, sai ciwon ya fara wari, irin warin da ba a faɗa. Yayarta Hajiya Kolo kan zo daga Gwale kowace safiya, ba ta zama sai ta cika kasko da garwashi ta zuba hawi da sandal, don kada baƙi su ji abin da bai kamata ba. Matan unguwa kuma kowacce sai ta shafo humrar da ta saya a hannun mara lafiyar, ta matso kusa ta ce, "Kin ji, Ya Kaltume? Har yau taki nake shafawa." Ita kuwa ta yi murmushi ta sa albarka. Suna fita sai amai.

Turai ta fita da tasar ta wanke a bakin rariya. Bayanta ciwo yake, idonta kamar an zuba yashi. Ta ma manta rabon da ta kwana a ɗakinta.

Da la'asar Sista Asibi ta yi sallama. Nas ce a wani asibitin cikin gari, gajeriya, ba ta da yawan magana. In ta tashi daga aiki takan bi gidajen waɗanda aka sallamo da irin wannan ciwo, ta wanke musu, ta sake bandeji, ta nuna wa masu jinya yadda ake yi. Ba wanda ya sa ta. Abu ɗaya take yi da ke ba mutane mamaki: ba ta tambayar dangi, mara lafiyar take tambaya.

Ta wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, ta daka wata farar ƙwaya ta barbaɗa, ta rufe. Sannan ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna.

"Ya Kaltume, maganin ciwon ba ya zama a cikinki, shi ya sa kike kwana kina juyi. Ki gaya mini, me ke tayar miki da zuciya?"

"Ikon Allah ne, Sista."

"Na sani. Bayan ikon Allah fa?"

Ya Kaltume ta juya fuska bango. Ana jiyo rediyon maƙwabta yana zancen ranar da soja za su miƙa mulki. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Turaren nan ne."

Turai ta ɗago kai.

"Tun da aka fara ƙara mini ruwan nan a Zariya hancina ya juya. Da na ji humra sai cikina ya murɗa. Hawi kuwa kamar ana ƙona taya." Ta ja numfashi. "Amma da wane baki zan faɗa? Ni na sayar musu. Shekara da shekaru ina ce musu mace ba ta cika ba sai da ƙamshi. Kuma in aka kashe kaskon, ai ni za su ji."

"To ke me kike so?" in ji Sista Asibi.

"Ina son mutane. Ba na son in mutu ni kaɗai kamar kaza a akurki. Ƙamshinsu ne ba na so."

Turai ta ji kunya ta rufe ta. Ita da kanta ta sha ɗebo garwashi daga murhunta ta kawo wa Hajiya Kolo.

Sista Asibi ta ce a samo gawayi a zuba a faranti a tura ƙarƙashin gado, a riƙa barin taga a buɗe, ƙwayar da take barbaɗawa kuma za ta rage warin, ko da ba za ta ɗauke shi duka ba. "Sauran aikin ba na nas ba ne," ta ce da Turai a zaure. "Sai an samu mai tsayawa a bakin ƙofa."

Washegari Turai ta tsaya. Ta ajiye bokitin ruwa da sabulun salo a tsakar gida, ta kwaso tsofaffin mayafanta ta wanke ta shanya a igiya. Hajiya Kolo ta shigo da ƙunshin turarenta, ta nufi madafa neman wuta.

"Hajiya, yau ba za a kunna ba."

"Ba za a me ba?"

Turai ta yi mata bayani. Hajiya Kolo doguwa ce mai tsagen Barebari a kumatu, lafayarta kaɗai in ta gifta sai lungu ya ɗauki ƙamshi. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato so kike a shigo a ji warin ƙanwata, a fita da shi gari?"

"Ita ta ce, Hajiya."

"Ita ta ce! Mai ciwo ai komai faɗa yake. Mu a gidanmu ko gawa ba a bari babu turare, balle mai rai. Ke wace ce ma a nan? Katanga ce fa ta haɗa ku, ba nono ba."

"Haka ne," in ji Turai. Gajiya ta hana ta jin zafin maganar. "Amma ni ke riƙe tasar. Ga ruwa, ga sabulu, ki wanke wuyanki da hannuwanki, ki yafa ɗaya daga cikin mayafan nan, ki shiga. Tana ta tambayarki."

Hajiya Kolo ta dubi mayafan da ke kan igiya, masu huji-huji, ta dubi Turai. Ta ɗauki ƙunshinta ta fita, ko leƙa ɗakin ba ta yi ba.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Wai Turai ta kafa shingen soja a gidan Kaltume, sai an yi maka wanka kafin ka yi dubiya. Wasu matan suka zo, suka yi dariya, suka wanke wuya suka yafa mayafin. Amma da suka shiga suka ji abin da hayaƙi ya daɗe yana ɓoyewa, sai gaisuwar ta gajarce. "Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ce, na bar tukunya a wuta." Ba su sake dawowa ba. Wasu tun daga zaure suka juya.

Maganin kuwa ya fara zama. Ya Kaltume ta sha kunu ya tsaya, ta yi barci har da minshari, har ta ce tana marmarin ɗanwake. Sai dai duk lokacin da ta ji motsi a zaure sai ta ɗaga kai.

"Wane ne?"

"Mai ruwa ne."

"Oho." Ta mayar da kai. Can kuma, "Yaya ba ta aiko ba?"

"Wataƙila ƙafarta ce ta tashi."

"Bafulatana, ƙarya ba ta yi miki kyau. Kin kore mini mutane da sandar kiwonki."

Da wasa ta faɗa, amma Turai ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi ta daɗe. Ta sama wa ƙawarta barci, ta raba ta da 'yar'uwarta. Ta rasa wanne ya fi nauyi. Kaskon nan biyu suna kife a jikin bango, sau nawa tana kallonsu tana cewa ko dai ta kunna kowa ya huta.

Ranar da aka rantsar da farar hula, lungun ya cika da hayaniya. Maza sun fito da rediyo ƙofar gida, wani na cewa yanzu man fetur zai wadata, wani na cewa an dai canza hula ne kawai. Turai tana tankaɗen garin ɗanwake ta ji sallama, murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga kai, rariya ta kusa suɓuce mata.

Hajiya Kolo ce, amma ba lafaya. Ta ɗaura wata atamfar siyasa sabuwa fil, ko ninkinta bai baje ba, irin wadda aka rarraba wa mata lokacin zaɓe, da hoton wani ɗan takarar kansila da ya sha ƙasa. Fuskarsa ɗaya a cikinta, ɗaya a baya, ɗaya kuma a kife a kan ɗankwali.

"Kada ki yi mini dariya," ta ce. "Kaf kayana na fitar na wanke, na sake wankewa, na shanya a rana. Ƙamshin ya ƙi fita. Shekara nawa suna cikin akwati da turare? Har katifata. Wannan kaɗai ce ba ta taɓa shiga ɗakina ba, a wurin matar ɗana na karɓo." Ta miƙo wuyan hannunta. "Shinshina."

Turai ta shinshina. Sabulun salo ne kawai, da zufar hanya.

"Shiga, Hajiya."

Daga tsakar gida ta jiyo Ya Kaltume ta yi wata irin dariya da ta koma tari. "Yaya! Ashe takara kika fito ba ki gaya mana ba?"

"Rufe mini baki. Matsa in zauna."

Turai ta leƙa ta labule. Ba a bakin ƙofa Hajiya Kolo ta zauna ba, inda iska ke shigowa. A kan gadon ta zauna, daf da ɓangaren ciwon. Turai ta ga hancinta ya motsa sau ɗaya, ta ga ta haɗiye yawu, shi ke nan. Ta ɗora ƙafafun ƙanwarta a cinyarta tana matsa su, suna magana da yarensu wanda Turai ba ta ji. Ranar Turai ta koma gidanta ta kwanta da rana, ba ta farka ba sai kiran la'asar.

Daga nan kullum da atamfar Hajiya Kolo take zuwa, ta wanke da yamma ta ɗaura da safe, har fuskar ɗan takarar ta koɗe. Sista Asibi ta koya mata wanke ciwon. Matan unguwa biyu-uku da suka ji Hajiya Kolo da kanta ta ajiye lafaya, suka dawo suna ɗaukar mayafi a igiya ba tare da an ce musu ba. Ba su da yawa, amma suna daɗewa.

Bayan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi sanyi, Ya Kaltume ta daina cin abinci. Wata safiya da hantsi, kanta a cinyar yayarta, Turai tana ɗiga mata ruwa a leɓe da cokali, ta buɗe ido.

"Baiwata."

"Na'am, uwar ɗakina."

"Au, yau kin yarda?"

"Na yau kaɗai."

Ta yi murmushi. Hajiya Kolo ta fara maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta. Leɓunan Ya Kaltume suka bi, suka bi, sannan suka tsaya.

Su biyun suka yi mata wanka. Da aka kawo likkafani, Hajiya Kolo ta fita tsakar gida ta ɗauko kasko ɗaya daga jikin bango, ta kakkaɓe yanar da ta yi a ciki, ta cika shi da garwashi. Ta buɗe kwabar ƙanwarta ta zaɓo kwalba ɗaya daga haɗin ƙarshe da Ya Kaltume ta yi da hannunta kafin ta kwanta. Ba ta zuba ba. Ta miƙa wa Turai.

"Ke kika kashe. Ke za ki kunna."

Turai ta ɗebo da yatsu uku ta barbaɗa a kan garwashin. Suka kama farin ƙyallen, kowacce da gefenta, suka riƙe shi a kan hayaƙin.

Bayan maza sun ɗauke gawar, gidan ya cika da mata, kowacce da ƙamshinta, ba mai tsayar da kowa. Turai ta zauna a kan turmi, hannuwanta a cinya. Ba wanda ya tuna ya kwashe mayafan daga igiya. Ragowar hayaƙin kaskon yana bi ta tsakaninsu a hankali, yana haye katanga zuwa gidanta.