Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Bayan sallar isha Kande ta ji daka ta bayan katanga, wani irin daka mai ɗingishi. Taɓarya ta sauka sau ɗaya, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta sake sauka. Duk unguwar Madabo an san dakan 'Yardada mai fura, ba ya tsayawa hutu. A shekarar da soja suka miƙa mulki ne.

Da safe Kande ta shiga. Ta tarar da maƙwabciyarta na dakan sassaƙe da hannun hagu, na dama a rungume a ƙirji.

"Ke tsohuwa, me ya sami hannun?"

"Tsohuwa uwarki," in ji 'Yardada. Ta ja ta ɗaki, ta sassauta zani. Nonon dama ya kumbura, an shafe shi da baƙin magani.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin bara."

"Mu je asibiti."

"Su yanka ni? Daji ba ya son ƙarfe, Kande. Allura ma in ta taɓa shi, sai ya bazu."

Shekarun baya wata ma'aikaciyar jinya ta lalubo wa ita Kande ƙullutu a nono kamar ƙwayar gyaɗa, tun bai fara ciwo ba. Aka cire nonon, ta warke. Mijinta Malam Ilu ya ce kada kowa ya ji, aka ce wa unguwa ta tafi Zariya jegon 'yarta. Tun lokacin auduga take cusawa a riga.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta fita.

Sai da damina ta sauka, 'Yardada ta daina kai fura soro, sannan Kande ta koma. Ta saki labule, ta ɗaga rigarta.

'Yardada ta daɗe tana kallon tabon. Ta yi dariya har da tari.

"Ashe auduga ce muke yi wa kallon mutunci! Munafuka." Ta share ido. "To nemo mana tasi."

Likita ya duba, ya ce ciwon ya riga ya kai ƙashi. Ya ba da maganin rage zafi. Ranar wata Talata, ana kiran la'asar, 'Yardada ta cika, kanta a cinyar Kande.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gida.

"Da ba su kai ta ba, da tana nan," in ji wata dattijuwa. "Allurar nan ce."

Kande na rabon gumba, ba ta ɗago ba. Daga soro ana jiyo muryar Malam Ilu yana jan addu'a.

Hasana matar marini, wadda ke goyon ɗanta na biyu, tana zaune a bakin rijiya, hannunta na dama a ƙarƙashin hammatar hagu. Ta ƙi karɓar gumbar.

"Wai ni kam," ta ce a hankali, "akwai wadda aka taɓa yankawa ta tashi?"