Masarar Da Ta Hana Rufe Banki

Shekara talatin da ɗaya Marlys Dykstra ta yi tana aiki a bankin garin Elkhorn Ferry, sai ga wasiƙa: babban bankin Prairie Crown zai saye nasu, kuma reshenta na cikin waɗanda za a rufe. Ranta ya ɓaci ƙwarai. In aka rufe, tsofaffin garin sai sun yi tafiyar mil arba'in kafin su karɓi fansho.

Amma ta san dokar jiharsu: ba a yarda banki ya sayi wani ba in hakan zai sa ya riƙe fiye da kashi ashirin cikin ɗari na ajiyar mutanen jihar, kuma ranar talatin ga Yuni ake ƙidaya. Lauyoyin Prairie Crown, 'yan birni masu takalma na ƙyalli, sun yi lissafi sun ga za su tsallake da ƙyar. Ba su san manomi ba. A watan Yuni dukiyarsa tana cikin rumbu, yana jiran masara ta yi tsada.

Ranar Lahadi bayan coci, ana shan kofi, ta tare Orval Brinkmeyer, wanda ya fi kowa rumbuna, ya kuma fi kowa maƙo.

"Orval, ka sayar da masararka makon nan, ka kawo mana kuɗin."

"Ke Marlys, a wannan farashin? Sai Agusta."

"To ka shirya tuƙa akwalar motarka mil arba'in, da wannan gwiwar taka."

Ya murtuke fuska. "Duka?"

"Har wadda ɓera ya ɓoye."

Da aka ga Orval ya buɗe rumbu, kowa ya san ruwa ba ya tsami banza, sauran manoma suka bi sahu. Marlys ta bi rassan bankinsu na garuruwan maƙwabta da waya, manyan motoci suka yi ta jigilar masara kwana tara, kuɗi na ta shiga banki. Aka ƙidaya, aka ga in an haɗa ajiyar bankunan biyu, Prairie Crown ya haura iyaka. Hukuma ta ce in yana son cinikin, sai ya saki rassa bakwai, har da nata, wani ƙaramin bankin yankin ya karɓe su da ma'aikatansu.

Wani lauya ya bugo waya. "Malama Dykstra, wai daga ina kuɗin nan suka ɓullo?"

"Daga gona, yallaɓai."

Ta ajiye wayar, farin ciki kamar ta taka rawa. Ranar Litinin ƙarfe tara ta buɗe ƙofa, ta tarar da mutum goma sha ɗaya a layi.